Mariƙin salansar motar tsere: na asali, na matsewa ko na walda?

Motocin tsere ba su da yawa a arewacin Kamaru, amma mai zirga-zirga a Garwa ko Marwa ko Ngaundare yakan gan su jefi-jefi: BMW mai ƙofa biyu ƙirar E36 ko E46, ko Z3, ko Mercedes SLK, ko Toyota Celica, ko Peugeot 406 Coupé. Galibinsu na hannu ne da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Duwala bayan sun yi shekaru a Turai, kuma abin da ya haɗa su duka shi ne cikinsu yana dab da ƙasa. Tazarar da ke tsakanin cikin irin waɗannan motoci da ƙasa ba ta cika wuce milimita 120 zuwa 140 ba, alhali ta Hilux ta haura 200. An ƙera su ne don shimfiɗaɗɗen titi, sai ga su a kan babbar hanya mai lamba 1 da ta bi ta Ngaundare ta ratsa Garwa da Marwa zuwa Kusuri, inda ake cin karo da tudun rage gudu a ƙauyuka da ramukan da damina ke bari, balle kuma gadar kwatar ƙofar gida da mota ke hawa safe da yamma. Abin da ke fara dukan ƙasa shi ne salansa, abin da ke fara karyewa a jikinta kuwa shi ne ƙarfen da ke riƙe da ita. Idan hakan ta faru, hanyoyi uku ne a gaban mai mota: ya nemo mariƙi na asali ya ɗaura da noti, ko ya sayi na gama-gari da ake matsewa a jikin bututu, ko ya kai wa mai walda. Biyun farko ana iya yin su a tsakar gida, na ukun kuma sai mai sana'ar.

Kafin a auna su da juna, wajibi ne a fahimci aikin mariƙin, domin a nan ne yawancin gyare-gyare ke ɓaci. Salansa tana da motsi iri biyu waɗanda babu mai iya hana ta su. Na farko daga inji yake zuwa: inji da akwatin giya suna zaune ne a kan kujerun roba, kuma duk lokacin da aka taka totur ko aka sauya giya sai su ɗan karkata, bututun da ke ɗaure a jikinsu ya bi su. Na biyu daga zafi yake zuwa. Hayaƙin da ke fita daga inji idan an taka mota sosai yana kaiwa digiri 800 zuwa 900 a ma'aunin Selsiyus, tukunyar tace hayaƙi kuma tana aiki ne tsakanin digiri 400 da 800, kuma ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. Bututu mai tsawon mita 3 na baƙin ƙarfe, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 300, yana ƙara tsawo da kimanin milimita 11. Idan na farin ƙarfe marar tsatsa ne mai lamba 304, wanda ake yin salansar ƙawa da shi, ƙarin yana kaiwa milimita 15. Tun da gabansa yana ɗaure da inji, wannan ƙari baya yake tafiya, sannan ya dawo idan mota ta huce. Saboda haka riƙon da salansa ke bukata irin na akuya ne a turke: igiya ta hana ta barin wurin, amma a bar mata sararin da za ta juya.

Daga wannan ne aka sami mariƙi iri biyu, kuma musanya ɗaya da ɗaya kuskure ne mai tsada. Akwai na gaba, wanda yake ƙarfe ne mai kauri da ke haɗa bututu da akwatin giya ko jikin inji, kamar yadda ake gani a BMW E36 da E46, da Mazda MX-5 ta farko da ta fito a 1989, da Subaru Impreza WRX. Wannan yana tafiya tare da inji duk inda ya karkata, kuma aikinsa shi ne ɗauke nauyin bututu daga bakin inji, wato inda hayaƙi ke fitowa, da turbo (na'urar ƙara wa inji ƙarfi), don kada su tsage. Akwai kuma na tsakiya da na baya, waɗanda ke rataye bututu da tukunyar baya a gangar jikin mota, su kuma kullum da roba a tsakani. A motocin da injinsu ke kwance a gicciye, irin su Celica ta ƙarshe-ƙarshe da 406 Coupé, akan sami gaɓa mai lanƙwasuwa, wadda a wasu motocin ake lulluɓewa da saƙar waya, a tsakanin sassan biyu. Ƙa'idar ita ce, duk abin da ke gaban wannan gaɓa na inji ne, duk abin da ke bayanta na roba ne, kuma ba a haɗa bututu da gangar jiki ƙarfe da ƙarfe a ko'ina.

Mariƙi na asali shi ne wanda kamfanin motar ya zana wa wannan gurbin, ko sabo ko wanda aka kwance daga wata mota irinta. Fifikonsa shi ne ramukansa suna faɗawa daidai kan ramukan da ke jikin akwatin giya ko cikin mota, tsayinsa kuma yana ajiye bututu a inda aka auna masa tun farko, nesa da farfela (sandar da ke kai juyin inji ga tayoyin baya) da tankin mai da bututun birki. A motar tsere wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wurin a matse yake, kuma saukar da bututu da milimita 10 kawai na iya zama bambanci tsakanin wuce tudu lafiya da jin ƙarar ƙarfe a kan kwalta. Aikin ɗaura shi kuma shi ne mafi sauƙi a cikin ukun, tun da babu huda, babu yanka, babu wuta. Inda yake da rauni shi ne samuwa. Kayan Toyota da Peugeot na yau da kullum suna cike da kasuwa, amma ƙarfen salansar Z3 ko SLK ba abin da mai shago ke ajiyewa ba ne, sai a yi saƙo Duwala ko Yawunde, ko a tambayi masu shiga Yola da Kano, kuma jiran na iya ɗaukar makonni. Mai yin saƙon ya ba da lambar shasi, wato haruffa da lambobi 17 da ke kan takardar motar, ya haɗa da hoton tsohon ƙarfen, saboda mota ƙira ɗaya tana iya zuwa da mariƙi daban gwargwadon girman inji, ko kuma idan giyarta ta hannu ce ko mai sauya kanta.

Na hannu da aka kwance daga motar Turai yana bukatar a duba shi da idon basira. A can ana zuba gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, kuma gishirin yana cin ƙarfe daga inda ido ba ya kaiwa. A kankare shi da burushin waya, a duba gindin lanƙwasa da kewayen ramuka. Idan tsatsa tana ɓarewa falle-falle, ko aka ga siririn layi baƙi yana fita daga bakin rami, to ya riga ya gaji, kuma ba zai jure hanyar Garwa zuwa Marwa ba. Sai kuma wani sharaɗi da ake yawan mantawa: na asali yana dacewa ne da salansa ta asali. Idan mai motar na baya ya sauya bututun da mai faɗi, alal misali daga milimita 55 zuwa 63 ko 76, bakin mariƙin ba zai rungume shi ba, kuma tilasta shi da guduma ɓata kuɗin da aka kashe ne.

A irin wannan hali ne na matsewa ke da amfani. Zobe ne da ake zagaya bututu da shi a ɗaure da noti, a jikinsa akwai sanda ko ɗan faranti da ke shiga roba. Ana samunsa cikin sauƙi, kuɗinsa kaɗan ne, kuma babbar fa'idarsa ita ce ana iya matsar da shi gaba ko baya, a juya shi dama ko hagu, har sai ya zauna daidai, sannan idan ba a gamsu ba a kwance a sake. Ga wanda zai yi aiki a gida karo na farko, wannan dama ta gyara kuskure tana da daraja ƙwarai. Amma zoben iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai mai siffar U, wanda siririyar sanda ce ke danna bututu a layi ɗaya. Yana riƙewa da ƙarfi, sai dai idan aka cika ɗaure shi yana lotsa bututun, idan kuma a kan mahaɗar bututu biyu ne sai ya cusa su cikin juna har raba su ya gagara sai da yanka. Akwai kuma mai faɗi kamar ɗamara, wanda ke rarraba matsi a kewayen bututu ba tare da ya lotsa shi ba, kuma shi na fi so ga bututun farin ƙarfe mai siririn bango. Kowanne aka zaɓa, sai an auna faɗin bututu daga waje da ma'auni, ba da ido ba, domin zoben da ya fi bututu da milimita 3 ko 4 zai yi ta zamewa komai ɗaurin da aka yi masa.

Raunin na matsewa yana bayyana ne a hanya mai gargada. Girgiza da zafi da sanyi suna sassauta noti a hankali, zoben ya juya, tukunya ta sauka gefe guda ta fara dukan bamba. Haka nan ƙafafun zobe mai siffar U, idan aka bar su suna kallon ƙasa, su ne za su zama mafi kusa da titi a duk cikin motar, kuma tudu ɗaya ya isa ya kama su ya fizge bututun baya; a juya su gefe ko sama, a yanke abin da ya yi saura. A wurin mariƙin gaba kuwa, wanda ke jikin akwatin giya, zoben gama-gari shi kaɗai ba ya wadatarwa, tun da yana bukatar farantin da zai kai shi ga ramukan akwatin, kuma wannan faranti sai an yanka shi daidai da motar.

Walda ita ce hanyar da aka fi bi a garuruwanmu, kuma tana da hujja: mai walda yana kowace unguwa, aikin na rana ɗaya ne, kuma sandar da aka liƙa da kyau ba ta juyawa ba ta zamewa. A nan ne kuma aka fi yin ɓarna, shi ya sa zan daɗe a kanta. Sau da yawa mai walda, da kyakkyawar niyya, yakan ce: "Alhaji, bari in kama maka ita da jikin motar gaba ɗaya, ba za ka ƙara jin motsinta ba." Amsar da ta dace ita ce: "A'a, Malam, liƙa sandar a jikin bututu kawai, ka bar mini robar a wurinta." Dalili kuwa shi ne wancan ƙarin tsawo na milimita 11 zuwa 15 bai fasa zuwa ba don an yi walda, kuma karkatar inji ba ta tsaya ba. Idan aka toshe musu hanya sai su nemi wuri mafi rauni su fasa, ko gefen waldar, ko gaɓa mai lanƙwasuwa, ko bakin inji, wanda gyaransa ya ninka na mariƙi sau da yawa. Kafin a kai ga haka ma, duk girgizar inji tana shiga cikin mota, madubi yana rawa, kujera tana kaɗawa. Wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin motar da aka yi wa irin wannan aiki ya san alamar: waldar kanta tana nan daram, amma a kewayenta bututun ya yage kamar an zana da reza, baƙin toka ya yi layi a bakin tsagar.

Ko da an bar roba a wurinta, ingancin waldar yana da sharuɗɗa. Kaurin bangon bututun salansa bai cika wuce milimita 1.2 zuwa 1.6 ba, kuma waldar lantarki da sanda mai kauri tana huda shi nan take, sai a yi ta cike ramin har wurin ya zama dunƙule mai rauni. Waldar gas ta fi sauƙin sarrafawa a kan siririn baƙin ƙarfe, shi ya sa masu gyaran salansa suka fi amfani da ita. Abin da ya fi kyau shi ne a lanƙwasa ɗan faranti mai kaurin milimita 2 ko 3 ya kwanta a bayan bututu, a liƙa shi, sannan a liƙa sandar a kan farantin, ta kwanta a jikinsa tsawon milimita 40 zuwa 50 maimakon ta tsaya da bakinta a wuri ɗaya; ta haka nauyin yana bazuwa. Sandar ta zama mai santsi, mai kaurin milimita 10 ko 12 daidai da ramin robar, a yi mata ɗan kai a ƙarshe don kada robar ta suɓuce. Rodin gini bai dace ba, domin zanen da ke jikinsa yana cin roba kamar zarto. Sai kuma a san irin ƙarfen da ake liƙawa, kuma maganaɗisu yana taimakawa: yana kama baƙin ƙarfe da farin ƙarfe mai lamba 409, amma ba ya kama mai lamba 304 sai dai kaɗan. Haɗa farin ƙarfe mai lamba 304 da ɗan'uwansa yana son sandar walda mai lamba 308L, haɗa shi da baƙin ƙarfe kuma mai lamba 309L. Idan aka yi da sandar waldar ƙofa da taga, wurin zai yi tsatsa ya tsage.

Walda a jikin motar kanta kuwa ina ba da shawarar a guje ta matuƙar akwai wata hanya. Farantin cikin mota siriri ne, bai cika kai milimita 1 ba, a samansa akwai kafet da wayoyi, a gefensa akwai bututun mai da na birki, kuma baƙin shafin da ke kare shi daga tsatsa yana kama wuta. Idan sandar da ke jikin mota ce ta karye, gara a nemi ramin noti da ke kusa a ɗaura sabon faranti a kai. Duk lokacin da za a kunna injin walda kusa da mota, a cire kan batir na ƙasa, mai alamar ragi, a maƙala wayar ƙasa ta injin waldar dab da inda ake aiki don kada wuta ta bi ta kwamfutar mota, a kawar da jarkar fetur daga wurin, a ajiye abin kashe gobara kusa. Mafi aminci shi ne a yi alama a gida, a kwance sashen bututun, a kai shi wurin mai walda a hannu.

Duk wadda aka bi cikin hanyoyin nan uku, roba ce ke yanke hukuncin tsawon ran aikin, kuma yanayinmu ba ya raga mata. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40 a inuwa, kwalta ta fi haka nesa, ga zafin bututu daga sama. Robar kirki ta salansa ana yin ta ne da nau'in EPDM, wanda ke jure zafi har wajen digiri 130 zuwa 150 kuma iska ba ta saurin tsattsaga shi. Ta silikon, wadda takan zo ja ko ruwan lemo, ta fi jure zafi, tana haura digiri 200, don haka ita ta dace da kusa da tukunyar tace hayaƙi, ko da yake ta fi saurin yagewa idan wani abu mai kaifi ya taɓa ta. Akwai kuma mai tauri ta poliyuritan da ake tallata wa masu motocin tsere; tana hana tukunyar baya lilo, amma tana shigo da girgiza, kuma ba ta kai sauran jure zafi ba, saboda haka ban ga amfaninta a gaban mota ko a hanya mai ramuka ba. Robar araha da ba a san da me aka yi ta ba takan bushe cikin rani ɗaya, kuma araha ba ta ado. Gwajin a shago mai sauƙi ne: a lanƙwasa ta da hannu biyu a duba bayan lanƙwasar a cikin haske, idan ƙananan tsagu sun buɗe ko ta ƙi komawa siffarta da sauri, a mayar. Yankin gefen tsohuwar taya mai zare a ciki yana iya riƙe salansa na ɗan lokaci, ya kuma fi robar tub, wadda ke miƙewa ta saki. Ɗauri da waya kuwa na kai mota gida ne daga inda ta lalace, ba ya shiga wannan lissafi.

Saura batun yin aikin a gida, kuma abin da ya fi komai nauyi a nan shi ne yadda za a ɗaga motar. Ba a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ko na minti ɗaya ne. Ba a kuma tokare ta da bulon siminti, domin bulo yana rugujewa farat ɗaya ba tare da ya ba da alama ba. Abin da ake bukata shi ne ƙafafun ƙarfe na tokare mota guda biyu ko huɗu, a sa su a wuraren da aka tanada don ɗagawa, a kan daɓe mai ƙarfi kuma miƙaƙƙe. Tsakar gida mai rairayi ba ta dace ba sai an shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin kowace ƙafa. A sa weji gaba da bayan tayoyin da suka rage a ƙasa, a tuna cewa birkin hannu tayoyin baya kawai yake kamawa a irin waɗannan motoci, don haka idan baya aka ɗaga ba ya riƙe komai. Motar tsere takan yi ƙasa har jak ya ƙi shiga, sai a fara hawar da ita kan katako. Bayan an tokare, a girgiza ta da ƙarfi daga gefe kafin a shiga, kuma a sami wani a kusa. Wanda ba shi da waɗannan kaya, ya fi masa alheri ya nemi gareji mai rami ya biya kuɗin awa ɗaya ko biyu ya yi aikinsa a can. A ganina ma ramin ya fi, saboda motar tana tsaye a kan tayoyinta, inji yana zaune yadda yake zama a hanya, kuma a haka ne ake samun ma'auni na gaskiya.

A bar mota ta huce sarai, mafi kyau a yi aikin da sassafe bayan ta kwana. Tun daren a fesa wa notocin man kwance tsatsa irin WD-40. Motocin Jamus da Faransa sun fi amfani da sifana 13 da 16 ko 17, na Japan kuma 12 da 14, kuma a kan noti mai tsatsa a yi amfani da soket mai kusurwa shida, domin mai kusurwa goma sha biyu yana murje kan notin. Idan ya ƙi, a ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan sannan a kwance, a yi ta kai da komo da haƙuri, musamman a jikin akwatin giya, wanda galibi na alminiyom ne, zarensa kuma yana lalacewa da wuri. Kafin a cire tsohon mariƙi a tallafe bututun da jak da ɗan katako, don kada nauyinsa ya rataya a bakin inji ko ya ja wayar na'urar auna hayaƙi. A wannan lokaci ne kuma ya kamata a duba kujerun inji da na giya, saboda idan sun mutu inji yana sauka ya kuma yi tsalle fiye da kima, kuma sabon mariƙi, kowane iri ne, zai bi sawun tsohon.

Wurin ɗaurawa, a sa komai a kwance-kwance tukuna, kowane noti ya kama da hannu kawai. A shafa wa roba ruwan sabulu don ta shiga sanda, kada a shafa mata baƙin mai ko giris, domin man fetur da danginsa suna kumbura EPDM su lalata shi. A daidaita bututu ya sami tazarar aƙalla milimita 20 zuwa 25 daga kowane ƙarfe na jikin mota, fiye da haka daga bututun mai da na birki da bamba, a tabbatar farantin kare zafi yana wurinsa. Robobin baya a bar su sun ɗan karkata zuwa gaba lokacin da bututu ke sanyi, ta yadda idan ya yi zafi ya miƙe baya za su tsaya a miƙe. Na matsewa yana ba da wannan dama cikin sauƙi, na walda kuwa sai an yi lissafinsa tun wurin yin alama. Sannan a ɗaure daga gaba zuwa baya. Mariƙin ya sadu da bututu da kansa, ba tare da an ɓanɓaro bututun da ƙarfe ba. Idan akwai 'yar tazara a cike ta da washa, domin bututun da aka ja da ƙarfi aka ɗaure yana ɗauke da gajiya tun kafin a tayar da mota. Ƙusa mai zare ta zama mai lamba 8.8 a kanta, kuma ga mai sifana mai auna ɗauri, ta milimita 8 tana son kimanin Nm 25 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), ta milimita 10 kimanin Nm 50, sai dai a jikin alminiyom a bi abin da littafin motar ya ce. Noti mai farar roba a ciki bai dace da nan ba, robar tana narkewa. A nemi na ƙarfe zalla mai kulle kansa ko mai ruwan tagulla, a shafa wa zaren man tagulla don kwancewar gaba.

Idan aka tambaye ni zaɓi, amsata ta danganta da gurbin da ya karye. Ga mariƙin gaba na jikin akwatin giya, na asali nake zaɓa ko da za a jira shi wata guda, kuma a lokacin jiran a rage tafiya mai nisa. Idan ya gagara samuwa, a kai tsohon wurin maƙeri ya kwaikwayi siffarsa da faranti mai kaurinsa, a ɗaura da noti kamar yadda yake tun farko. Ga tsakiya da baya a motar da salansarta ta asali ce, sau da yawa sabbin robobi masu kyau kaɗai sun isa, kuma a sauya su gaba ɗaya, domin sabuwa ɗaya a cikin tsofaffi ita ke ɗaukar nauyin duka. Ga salansar da aka sauya, motar kuma ba ta cika fita gari ba, zobe mai faɗi ya wadatar. Wanda kuwa ke yawan hawa Ngaundare ko zuwa Kusuri da Njamena, ya fara da zoben, ya yi tafiya da shi har ya tabbatar da gurbin da babu duka babu ƙara, sannan ya yi alama a kai bututun a liƙa sanda a kan faranti a daidai wurin.

Bayan an sauke mota a tayar da ita a fili, ba a cikin rufaffen ɗaki ba, saboda hayaƙin mota yana ɗauke da iskar guba marar wari marar launi da ke kashewa. A kusantar da hannu ga kowace mahaɗa ba tare da an taɓa ba, a ji ko iska na fita, a sa wani ya taka totur a saurari ko akwai inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. Idan an yi tafiya ta kwana biyu ko uku, bututu ya yi zafi ya huce sau da dama, a sake bin notocin da sifana, musamman na zobe, domin a wannan tsakanin ne suke sassautawa. Baƙin toka a bakin mahaɗa yana nuna yoyo, wuri mai ƙyalli a jikin bututu yana nuna yana gogar wani abu, kuma warin hayaƙi a cikin mota ko ciwon kai bayan tafiya dalili ne na a ajiye motar har sai an gano inda yake fita.